Takardu Uku da Manang Luding Ta Bari

A garinmu Dapdapan, idan jarrabawar lasisi ta matso, 'yan mata kan yi layi a ƙofar gidan Ludivina Abarquez, kowace da fensirori a hannu. Ba mai kiranta da wannan dogon suna. Manang Luding ce a wurin kowa, wato Yaya Luding, har da waɗanda suka girme ta. Al'adar ta daɗe: wanda ya riga ya ci jarrabawa shi ke fiƙe wa mai shirin shiga fensirinsa, don sa'a ta bi ta hannu. Ita kuwa ta ci tata a zama ɗaya tana da shekara ashirin da biyu, kuma ita ce ta farko a garin da ta zama jami'ar walwalar jama'a mai lasisi.

Da reza take fiƙewa, a kan wata tsohuwar jarida, tana yi tana tsokanarsu.

"Day, yarinyata, kin yi karatu kuwa, ko hannuna kawai kika dogara da shi?"

"Na yi, Manang."

"Ƙarya kike. Jiya na gan ki a bakin teku da ɗan gidan mai gyaran babur. Shi ma ki kawo shi in fiƙe miki shi."

Sai a fashe da dariya, yarinyar ta karɓi fensirinta da hannu biyu.

Shekara talatin da takwas ta yi a ofishin walwala na garin. Wanda bai taɓa shiga ofishin ba ba zai gane nauyin lasisi ba. Ko neman taimakon asibiti ne, ko kai maraya gidan reno, ko karɓar mai taɓin hankali da sallamarsa, sai da rahoto, rahoto kuwa ba ya tafiya ko'ina sai da sa hannun mai lasisi da lambarsa a ƙasa. Lambar Manang Luding gajeruwa ce, irin ta mutanen farko. Yaran yanzu idan suka gan ta sai su ɗago kai su sake dubanta.

Garin yana da ƙananan tsibirai huɗu, mai lasisi kuma ita kaɗai. Idan ta haye ruwa teku ta tashi, takan yi kwana uku ko huɗu ba ta dawo ba, alhali ga matar da mijinta ya mutu tana zaune a benci tana jiran takardar akwatin gawa. Saboda haka kafin ta hau kwale-kwale takan ɗauki fararen takardu, ta sa hannu a ƙasan kowace, ta rubuta lambarta, ta bar wa akawu ya cike saman idan buƙata ta taso. Ba ita ta ƙirƙiro wannan ba. Haka ta tarar ana yi a garuruwan da ke kewaye, haka kuma ake yi har yau a wurare da dama. A duk shekarun nan dabarar ba ta taɓa jawo mata ko da tambaya ɗaya ba.

Da ta yi ritaya sai ta koma aiki kwana biyu a mako, Talata da Juma'a, a wani gidan kula da masu taɓin hankali mai zaman kansa da ke bayan kasuwar kifi, Balay Landong. Irin wannan gida ba a ba shi izinin buɗewa sai yana da jami'in walwala mai lasisi. Don haka aka ɗauki hoton lasisinta aka sa a gilashi, aka rataye a bangon ofis, dab da hoton mai gidan, Cresencio Tabada, tsohon kansila da ake kira Noy Ensyong.

A kan teburinta akwai wani tsohon kwaɗo mai tsatsa da take danne takardu da shi. Na Tikoy ne.

Rustico Pelayo, Tikoy, mutumin tsibirin Lawis ne, mai hawa bishiyar kwakwa yana tatsar giya. Yana da shekara ashirin da huɗu ya fara jin muryoyi. Wata rana ya bi mahaifinsa da adda har cikin coci. Uban ya sare gora, ya samo tsofaffin ƙarafa, ya haɗa masa keji a bayan gida, jingine da turken aladu. Shekara tara ya yi a ciki. Manang Luding ce ta ji labari, ta je da zarto a jakarta, ta yanke kwaɗon da kanta domin an daɗe da jefar da makullin. Shekara goma sha ɗaya ke nan. A Balay Landong ya samu magani, ya yi ƙiba, ya zama shi ke kankare wa mai girki kwakwa, shi ke share tsakar gida. Duk Talata yana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya.

"Nang, kin ƙara ƙiba."

"Uwarka ce ta ƙara ƙiba. Ka sha maganinka?"

"Na sha. Amma dai kin ƙara."

Lasisi yana ƙarewa duk shekara uku, a ranar haihuwar mai shi, kuma ba a sabunta shi sai mutum ya kawo shaidar ya halarci tarukan ƙara ilimi ya tara maki. A bara Manang Luding za ta cika sittin da uku, makinta bai kai ba. Sai ta yi rajistar wani taro na kwana uku da wani kamfani ya shirya a wani otal a birnin Cebu.

Ranar Talata, tana haɗa jakarta, Noy Ensyong ya leƙo.

"Manang, za ki bar mu haka tsirara? In wani abu ya taso fa?"

"Me zai taso cikin kwana uku, Noy?"

"Ke ma kin san gidan nan. Wani ya faɗi, asibiti su ce rahoto. Bar mana ko uku."

Ta ciro fararen takardu uku ta sa hannu, ta ɗora kwaɗon a kansu, ta tafi ta kama jirgin ruwa.

Ta ba ni labarin taron daga baya, ba tare da ta yi dariya ko sau ɗaya ba. Mutum wajen ɗari biyu a zaure mai sanyi kamar cikin firij. A sa hannu da safe, a sa hannu da rana, don idan ba ka sa ba babu maki. Mai jawabi yana karanta abin da ke kan allo, rabin zauren na barci, sauran na latsa waya. Duk bayan awa biyu a tashe su su yi rawa don wartsakewa. Lokacin abinci mata masu lasisi suna zuba soyayyar kaza a leda suna turawa jaka. Darasin ranar ƙarshe a kan ɗa'ar rubuta rahoto ne, aka gajarta shi saboda za a yi ƙuri'ar kyaututtuka. Manang Luding ta ci tukunyar dafa shinkafa ta lantarki. Aka ɗauke ta hoto rungume da ita, aka ba ta takardar shaida, ta wuce ofishin hukumar lasisi ta miƙa takardunta, ta dawo gida.

Talatar da ta biyo ta iso Balay Landong, ba wanda ya ce ta ƙara ƙiba. Tsintsiyar na jingine da bango.

"Ina Tikoy?" ta tambayi mai girki.

Matar ta ci gaba da yanka albasa. "Ki tambayi Noy."

Noy Ensyong bai ɓoye komai ba. An ba gidan izinin ajiye mutum talatin, suna da talatin da uku, masu duba gidaje kuma sun aiko cewa za su zo ranar Juma'a. Idan suka ƙirga gadaje suka ga ƙari, izinin gidan na cikin haɗari. Sai ya sallami uku ranar Laraba. Biyu tsofaffin mata ne da 'ya'yansu suka daɗe suna neman a ba su su. Na ukun Tikoy. Masu duba sun zo, sun ƙirga talatin, sun ci abinci, sun yaba da tsafta.

Ya miƙo mata fayil. Rahoton ya ce jami'ar walwala ta ziyarci gidan 'yar uwar majinyaci a Lawis ranar kaza, ta ga ɗakin da aka tanadar masa mai taga da gado, ta tattauna da iyali, ta gamsu cewa a shirye suke su karɓe shi. A ƙasa ga sa hannunta, ga lambarta.

"Noy, ka taɓa zuwa Lawis?"

"Haba Manang, ai 'yar uwarsa ce. Jini ɗaya. Shekara goma sha ɗaya lafiyarsa ƙalau, me kuma ake jira? Ko so kike a rufe gidan, mutum talatin su koma titi saboda mutum ɗaya?"

Ranar Alhamis ta zo gidana da sassafe, ta ce in ɗauko na'urar hoto in bi ta. Mun san juna tun tana ofishin gari, ni kuma ina aikin jarida ina neman labarin guguwa a wurinta. Awa ɗaya da rabi muka yi a kwale-kwale.

Wari ne ya fara tarar mu tun kafin mu zagaya bayan gidan. Kejin na nan inda yake. An canza gorar da ta ruɓe, an ɗaura sabon kwaɗo mai sheƙi. Na auna da taku: tsawonsa uku, faɗinsa biyu, mutum ba ya iya miƙewa tsaye a ciki. Katanga ɗaya yake rabawa da turken aladu, kuma magudanar da ke kwashe ƙazantarsu ta ƙarƙashin shimfiɗar gorarsa take bi. Aladu biyu ne, manya. Akwai gwangwanin man girki da aka yanke, a nan ake zuba masa shinkafa, ƙudaje sun rufe shi baƙi ƙirin. Wani bokiti a kusurwa. Tikoy na zaune ya haɗa kai da gwiwa, sanye da rigar da aka raba musu a bikin Kirsimeti, mai sunan Balay Landong a ƙirji. Sauro ya farfasa masa ƙafafu, ya sosa har sun yi ruwa.

Yayarsa Rosario, Nang Sayong, ta fito hannunta duk ɓawon kifi. Ba ta bari an tambaye ta ba.

"Kar ki kalle ni haka, Manang. Ina shanya kifi sai ga mutum biyu sun sauke min shi a bakin ruwa da leda ɗaya, maganin mako guda a ciki. Wa ya tambaye ni? Wane ɗaki? Mu takwas muke kwana a ɗaki ɗaya, jikokina huɗu. Washegari na tarar da shi tsaye a madafa yana kallon adda. Kallo kawai, ban ce ya taɓa ba. Amma ni na ga abin da ya yi wa Tatay, babanmu, ina wurin. In tafi aiki in bar shi da yara? Ke za ki bari?"

"Maganin fa?"

"Ya ƙare jiya. Na je ɗakin shan magani, suka ce irin wannan sai babban gari."

Manang Luding ta durƙusa a cikin taɓon, ta kama gora.

"Dong," ta ce, yadda muke kiran namijin da muka girme. "Ni ce."

Tikoy bai ɗago ba. Da ya yi magana muryarsa lafiya lau take, shi ya fi ba ni tsoro.

"Na ce musu ba zan shiga motar ba sai Nang Luding ta dawo. Sai Noy ya nuna min takarda. Na ga hannunki, mai doguwar jelar nan. Ya ce ke kika ce in tafi." Ya dube ta. "Shi ya sa na shiga."

Ta zo da maganin mako biyu a jakarta, ta bar wa Sayong. Ta nemi a buɗe, Sayong ta ƙi, ta ce sai dai idan yau za a tafi da shi. Ba inda za a kai shi. Muka bar shi a nan.

Washegari ta tafi ofishin walwala na lardi, inda ake riƙe da jerin masu jiran gado a dukan gidajen kula. Jami'in da ta tarar saurayi ne mai ladabi, ya miƙe tsaye da ya ga lambarta. Ya duba hotunan, ya rufe bakinsa da hannu. Sannan ya faɗa mata yadda abin yake, dalla-dalla.

Hanya biyu ce. Ta farko, ta rubuta sabon rahoto ta ce bayan sallama yanayin gidan ya canza. Wannan ba zai taɓa rahoton farko ba, ba kuma zai taɓa ta ba. Amma Tikoy zai zama sabon mai nema, ya shiga ƙarshen jeri, jerin kuwa a lokacin wata goma sha huɗu ne. Ta biyu, a soke sallamar gaba ɗaya, kamar ba a yi ta ba. Idan aka soke, har yanzu majinyacin Balay Landong ne, dole gidan ya je ya ɗauko shi. Sai dai ba a soke rahoton mai lasisi don wani ya ce ƙarya ne. Sai mai sa hannun da kanta ta yi rantsuwa a gaban lauya cewa ba ta je ba, ba ta gani ba, farar takarda ta sa wa hannu. Irin wannan rantsuwa kuma wajibi ne ofishin ya aika da kwafinta ga hukumar lasisi.

"Manang, ni a ganina ki bi ta farko," in ji shi, ya rage murya. "Zan yi ƙoƙari in ga ko za a matsar da shi gaba kaɗan."

"Kaɗan nawa, Dong?"

"Wata biyu. Ƙila uku."

Da na so in rubuta cewa daga nan ta wuce wurin lauya, amma ba haka aka yi ba. Ta koma gida ta rubuta rahoton farkon, mai cewa yanayi ya canza. Ta nuna min shi. An rubuta shi da kyau, shekara arba'in tana wannan aiki. Ta sa shi a jaka tana yawo da shi kwana biyar. Ta ce min ta yi ta lissafa wa kanta dalilai: akwai yara biyu da shari'ar renonsu ke jiran rahotonta, akwai sauran mutum talatin na gidan, kuma ai ta kai magani, za ta riƙa kaiwa duk mako biyu. Ta ce duk gaskiya ne, amma ba su ne suka riƙe ta ba. Abin da ya riƙe ta shi ne katin lasisin nan. Mahaifinta mai kamun kifi ne, ya sayar da kwale-kwalensa ta je Manila ta rubuta jarrabawar. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. Idan ta shiga coci ana matsa mata a benci na gaba.

A cikin kwanakin nan sabon katin ya iso, da sabon hotonta, mai shekara uku a gaba.

Ranar Laraba ce ranar haihuwarta. Maƙwabta suka taru a ƙarƙashin rumfa, aka dafa taliya don tsawon rai, aka dafa shinkafa a sabuwar tukunyar. Ina wurin. Wajen sha ɗaya na safe sai ga babur mai ƙafa uku ya tsaya, mutum biyu suka sauko da gasasshen alade sukutum a kan katako, an lulluɓe shi da ganyen ayaba. Noy Ensyong na biye, da farar riga.

"Ga 'yar gaisuwa daga Balay Landong!" ya ce da ƙarfi. "Uwarmu, ginshiƙinmu. Allah Ya ƙara shekaru!"

Aka yi tafi. Yara suka kewaye katakon suna jiran a fasa fata. Ya matso kusa da ita yana murmushi, ya yi ƙasa da murya, amma na ji.

"An ce kin je lardi. Yanayi ya canza, ko ba haka ba? Yakan canza ai. Ni ma zan sa baki a matsar da shi."

Manang Luding na tsaye tana kallon aladen. Maiƙo na ɗiga daga hancinsa a kan ganyen. Ta juya ta zagaya bayan gida, muka ji tana amai. Da ta dawo ta wanke fuska, ta ce wa masu babur su ɗauke shi.

"Manang, wasa kike?" in ji wata maƙwabciya. "Alade guda!"

"Ku mayar masa. Noy, ka kai wa Tikoy. Ya san 'yan uwansa, katanga ɗaya suke kwana."

"Luding, ki yi tunani." Ya daina murmushin, ya kuma daina cewa Manang. "Ni ba ni da lasisin da za a ƙwace. Hannunki ne a takardar, ba nawa ba."

"Na sani. Tikoy ma abin da ya ce ke nan."

Baƙi suka ci taliya. Wasu sun bi aladen da ido har ya sha kwana.

Da safe ta je wurin lauya. Rantsuwar shafi ɗaya ce. Ta ce ba ta taka Lawis ba a ranar da aka rubuta, tana Cebu tana sauraron darasi, ga takardar shaida a manne. Ta ce ta bar fararen takardu uku da sa hannunta. Lauyan ya ba ta shawara ta tsaya nan. Ta ƙara layi ɗaya, cewa ta saba yin haka tun shekarar da ta fara aiki.

Kwana takwas bayan nan ofishin lardi ya soke sallamar. Motar Balay Landong ta tsaya a bakin ruwa, ma'aikata biyu suka haye da mu. Sayong ta ciro makulli daga igiyar wuyanta ta buɗe da kanta, tana kuka tana zagin kowa, har da mahaifinsu da ke kabari. Kwana ashirin da biyu Tikoy ya yi a ciki. Bai iya miƙe ƙafafunsa ba, sai ɗaukarsa aka yi.

Sauran abin ya bi hanyarsa a hankali. Tsofaffin matan biyu an je an duba su, an same su lafiya, aka bar su. An yarda gidan ya riƙe mutum talatin da ɗaya na wani lokaci. Noy Ensyong ya rubuta bayani cewa shi abin da ya fahimta daga jami'arsa ya buga, aka aiko masa da takardar gargaɗi. Yana nan a kujerarsa. Bayan wata biyar hukumar lasisi ta dakatar da Ludivina Abarquez na shekara biyu. Ba ta ɗaukaka ƙara ba. Ta ce hukuncin daidai ne. Ta kuma ce idan shekara biyun suka cika ba za ta koma wani otal ta yi rawa don maki ba.

An ba Balay Landong wata guda ya samo mai lasisi ko a rufe shi. Kwana tara ya ɗauka. Marichu Dagohoy ce, 'yar shekara ashirin da uku, wadda har yanzu tamfol mai hotonta da taya ta murnar cin jarrabawa ke rataye a ƙofar kasuwa. Tana cikin waɗanda Manang Luding ta fiƙe wa fensir. Gilashin bango ma ba a sayi sabo ba, hoton kawai aka canza.

Da jarrabawar bana ta matso, 'yan mata biyu ne suka zo ƙofarta, inda a da ake samun ashirin. Na ji wata uwa a kasuwa tana cewa ba za ta bar 'yarta ta kai fensir hannun da aka dakatar ba, kada abin ya bi ta. Matar nan Manang Luding ce ta rubuta mata rahoton da aka yi wa mijinta aikin ido. Yanzu wurin Marichu ake layi.

Ranar Lahadi ake ziyara a Balay Landong, daga ƙarfe biyu zuwa huɗu. Na raka ta a watan jiya. Ta zo da dafaffiyar ayaba a leda. Muka tarar da Marichu a ofis, ta miƙe da sauri har ta ture kujera. Tsohon kwaɗon na kan teburin, ba wanda ya ɗauke shi.

"Zauna, Day. Yaya aikin?"

"Lafiya, Manang. Noy yana da kirki."

"Ya taɓa cewa ki bar masa farar takarda?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "A'a, Manang. Ya ce ba kullum ba. Sai dai in zan tafi taro."

Manang Luding ta dube ta. Ta ɗauki kwaɗon ta juya shi a hannu, ta mayar.

"Ranar da za ki tafi taron, ki fara biyowa ta gidana. Zan kai ki Lawis ki ga wani ɗaki mai taga da gado."

Tikoy na zaune a inuwar mangwaro, ba ya shara yanzu, ƙafar hagu ba ta gama dawowa ba. Likita ya ce sai a hankali. Ta zauna kusa da shi ta ɓare masa ayaba, ya karɓa ya ci biyu. Ya daɗe yana kallonta ta gefen ido.

"Nang, kin rame."

"Uwarka ce ta rame. Ka sha maganinka?"

"Na sha."

Ƙarfe huɗu mai gadi ya kawo littafin baƙi, domin yanzu ita baƙuwa ce kamar kowa, sai ta sa hannu kafin ta fita. Shafin sabo ne, mutum ɗaya ne ya rubuta a can sama, mai gadin kuma ya nuna mata wani layi a tsakiya. Ta karɓi biro, ta ja dogon layi daga sama zuwa ƙasa, ta soke duk wurin da ba a rubuta komai ba, sannan ta sa hannu.

"Manang, kin ɓata min shafi," in ji mai gadin.

"Buɗe wani," ta ce.